Tasirin Addinin Kirista a Likitancin Ƙarnonin Tsakiya: Daga Gidan Jinyar Kaisariyya zuwa Bimaristanin Bagadaza

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tasirin addinin Kirista a kan likitanci da kula da marasa lafiya daga ƙarni na 4 zuwa na 14 Miladiyya. Ta nuna cewa Nasara ba su zo da sabon ilimin magani ba, domin ilimin Girkawa suka gada kamar yadda Musulmi suka gada daga baya. Gudummawarsu ta bayyana ta fuska biyu: kafa gidajen jinya na sadaka, da adana littattafan likitanci tare da fassara su. Maƙalar ta bayyana yadda daular Musulunci ta karɓi waɗannan abubuwa biyu ta bunƙasa su, da yadda ilimin ya koma Turai da rigar Larabci.

1.0 Gabatarwa

Al-Jahiz (ya rasu 255H/869M) ya kawo labarin wani likita Musulmi mai suna Asad bin Jani a cikin Kitabul Bukhala'i. An shiga shekarar annoba, cututtuka sun yawaita, amma kasuwarsa ta mutu. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce laifinsa na farko shi ne Musulunci, domin mutane sun ƙudurce tun kafin a haife shi cewa Musulmi ba ya dacewa a likitanci. Ya ƙara da cewa sunansa na Larabawa ne alhali kamata ya yi a kira shi Jibra'ilu ko Yuhanna, yana sanye da farin mayafin auduga maimakon baƙar alhariri, kuma yana magana da Larabci maimakon harshen mutanen Jundisabur.

Raha ce irin ta Al-Jahiz, amma ta ɗauki hoton zamaninta. A babban birnin halifancin Abbasiyya, a ƙarni na uku na Hijira, sana'ar likitanci tana hannun Nasara. Mai nazarin tarihin Musulunci ba zai fahimci yadda aka kai ga Ar-Razi da Ibn Sina ba sai ya san abin da ya jawo haka, da abin da Musulmi suka yi da shi.

2.0 Abin da Nasara Suka Tarar

Likitancin da ya mamaye duniyar Rumawa an gina shi ne a kan rubuce-rubucen Abuƙarat da na Jalinus, wanda aka haifa a Fargamus a shekarar 129M. Tushensa shi ne cewa jikin mutum yana ɗauke da ruwaye huɗu: jini, majina, safra'u da sauda'u. Lafiya ita ce daidaituwarsu ta fuskar zafi da sanyi da danshi da bushewa, cuta kuwa rinjayen ɗaya a kan saura. Wannan ra'ayi ne likitan Kustantiniyya da na Bagadaza da na Faris suka yi tarayya a kai har ƙarshen ƙarnonin tsakiya, duk da bambancin addinansu.

Abin da duniyar Rumawa ta rasa shi ne wurin da talaka marar lafiya zai nufa. Akwai ɗakunan jinya a barikokin soja da gandayen masu bayi, amma manufarsu ita ce mayar da soja fagen fama da bawa gona. Akwai kuma ɗakunan bautar Askalabiyus, inda majinyaci yake kwana yana jiran mafarkin waraka. Mai hali yakan kira likita gidansa. Baƙo da gajiyayye da kuturu kuwa ba su da kowa.

3.0 Haihuwar Gidan Jinya

A littattafan Nasara an jingina wa Annabi Isa (AS) koyarwar cewa ciyar da mayunwaci, saukar da baƙo da duba marar lafiya tamkar hidima ce gare shi. Alƙur'ani mai girma ya tabbatar a Suratu Ali Imrana cewa ya warkar da makaho da mai albaras da izinin Allah, ya kuma ambata a Suratul Hadid tausayi da jinƙai da aka sanya a zukatan waɗanda suka bi shi. Wannan ɗabi'a ta fito fili a annobar da ta auka wa daular Rum a tsakiyar ƙarni na 3, lokacin da Diyunisiyus, bishop na Iskandariyya, ya rubuta cewa mabiyansa sun tsaya suna jinyar waɗanda danginsu suka gudu suka bari, da yawansu kuma suka mutu a kan haka.

Shaida mafi ƙarfi ta fito daga bakin abokin gaba. Sarki Yuliyanus, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363M ya kuma yi ƙoƙarin maido da bautar gumaka, ya rubuta wa babban limamin gumaka na Galatiya yana kukan cewa Nasara suna ciyar da talakawansu har da na maguzawa, ya umarce shi da ya gina masaukan baƙi don a yi gogayya da su.

Bayan yunwar da ta afka wa yankin Kabadokiya a wajajen 369M, Basiliyus, wanda ya zama bishop na Kaisariyya a 370M, ya gina wata unguwa a bayan gari mai ɗauke da masaukin baƙi, gidan gajiyayyu da wurin kutare, tare da masu jinya da likitoci. Masana da dama suna ɗaukar wannan gini a matsayin ɗaya daga cikin asibitoci na farko. A birnin Rum kuwa wata attajira mai suna Fabiyola, wadda ta rasu a 399M, ta kafa irin wannan gida. Kalmar asibiti da Hausa ta ara daga Ingilishi tana komawa ne ga kalmar Latin mai nufin masaukin baƙi, abin da ke nuni da asalin aikin gidan.

Yawancin waɗannan gidaje abinci da shimfiɗa da addu'a suke bayarwa fiye da magani. Sai dai a Kustantiniyya wasunsu sun zama wuraren magani na sosai. Takardar ƙa'idojin gidan ruhubanawa na Fantokarato, wanda Sarki Yuhanna na II ya kafa a 1136M, ta tanadi gadaje 50 a sassa biyar, ciki har da sashen masu rauni da karaya da sashen mata mai gadaje 12, inda likita mace take aiki tare da likitoci maza.

4.0 Gidajen Ruhubanawa a Yammacin Turai

Da daular Rum ta yamma ta rushe a ƙarni na 5, makarantu suka watse, masu sanin Girkanci suka ƙaranta. Ɗan abin da ya rage na likitanci sai ya fake a gidajen ruhubanawa. Dokokin da Benedik ya tsara wa ruhubanawansa a Monte Kasino a ƙarni na 6 sun gabatar da kula da marar lafiya a kan sauran ayyuka, suka ware masa ɗaki da mai hidima, suka kuma halatta masa cin naman da aka hana lafiyayyu. Kasiyodorus, wanda ya kafa wani gidan a kudancin Italiya, ya hori almajiransa da karanta fassarar Latin ta Abuƙarat da Jalinus da littafin tsirrai na Diyuskuridus. Zanen ginin da aka adana a San Gal, na farkon ƙarni na 9, ya nuna ɗakin jinya, gidan likita, ɗakin fitar da jini da lambun itatuwan magani.

Wannan aiki na adanawa ne. Littattafan da ke hannunsu taƙaitattu ne, kuma manyan ayyukan Jalinus ba su cikinsu. Talakawa kuwa sun fi dogaro da ziyarar kaburburan waliyyansu da neman tubarraki da ƙasusuwansu. Cikakken gadon Girkawa yana gabas, a hannun wasu Nasara na daban.

5.0 Nasaran Suryaniyanci da Fadar Abbasiyawa

Nasaran Sham da Iraki suna ibada da karatu da harshen Suryaniyanci, ɗan'uwan Larabci. Wani malamin coci kuma likita, Sarjis na Ra'asul Aini (ya rasu 536M), wanda ya yi karatu a Iskandariyya, ya fassara littattafan Jalinus da dama zuwa wannan harshe. Tun kafin haka, a 489M, Sarki Zainun ya rufe makarantar Ruha saboda saɓanin aƙida game da Annabi Isa (AS), malamanta suka ƙaura Nasibin a ƙarƙashin Farisawa. Ta haka ilimin Girkawa ya yi rassa a ƙasar da Musulmi suka buɗe a zamanin Sayyidina Umar (RA).

Musulmin farko ba su ga aibu a neman magani wurinsu ba. Halifa Mu'awiya (RA) yana da likita Banasare mai suna Ibn Usal. A 148H/765M, shekaru uku bayan kafa Bagadaza, ciwon ciki ya matsa wa Halifa Al-Mansur, aka kirawo masa Jurjis bin Bukhtishu daga Jundisabur a Khuzistan. Daga nan zuriyarsa ta riƙe likitancin fada kusan shekaru 300. Jikansa Jibrilu shi ne likitan Haruna Ar-Rashid.

Game da Jundisabur akwai buƙatar taka-tsantsan. Labarin da ya shahara na cewa akwai babban asibiti da makarantar likitanci a can tun zamanin Kisra ya fi dogara ne da Al-Ƙifɗi, wanda ya rasu a 646H/1248M, ƙarnoni bayan aukuwar abin. Masana irin su Michael Dols da Peter Pormann sun nuna cewa hujjojin zamanin ba su kai girman labarin ba. Abin da ya tabbata shi ne garin ya fitar da gidajen likitoci Nasara da suka mamaye fadar Bagadaza.

Daga cikinsu akwai Yuhanna bin Masawaihi (ya rasu 243H/857M), malamin Hunainu bin Ishaƙ (ya rasu 260H/873M). Hunainu Balarabe ne Banasare daga Hira. An ruwaito cewa malaminsa ya kore shi daga majalisi saboda yawan tambaya, ya ɓace na wasu shekaru, ya dawo da ƙwarewa a Girkanci. A wasiƙar da ya rubuta wa Aliyu bin Yahaya ya lissafa littattafan Jalinus 129, yana faɗin wanda ya fassara kowanne, da wanda aka fassara wa, da ingancin fassarar. Ya bayyana cewa yakan tara kwafi da yawa na littafi guda, ya gwama su, ya fitar da ingantaccen matani kafin ya fara aiki. Ya ambaci littafin da ya fassara yana ɗan shekara 20 daga gurɓataccen kwafi, ya sake gyara shi yana kusan 40. Ya kuma faɗi yadda ya keta Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar yana neman littafin Jalinus a kan burhani, bai samu ba sai kimanin rabinsa a Dimashƙa. Ɗalibin ilimin hadisi zai ga kamanni tsakanin wannan da rihla da muƙabalar nusukhoki.

As-Safadi ya bambanta hanyarsa da ta magabatansa: su suna bin kalma da kalma, shi kuwa yakan fahimci jimla gaba ɗaya sannan ya zuba ma'anarta cikin Larabci. Ɗansa Ishaƙ da ɗan 'yar'uwarsa Hubaish sun ci gaba da aikin. Wasiƙar ta nuna cewa fassarar Suryaniyanci likitoci Nasara ake yi wa, ta Larabci kuwa manyan Musulmi irin su Banu Musa ne suke biya. Hannun mai fassara na Banasare ne, amma buƙata da dukiya da harshen da aka zuba ilimin a ciki na al'ummar Musulmi ne.

Ibn Abi Usaibi'a (ya rasu 668H/1270M) ya ruwaito cewa Halifa Al-Mutawakkil ya jarraba Hunainu da neman ya haɗa masa guba don kashe wani maƙiyi. Ya ƙi, aka tsare shi shekara guda, aka yi masa barazanar kisa, bai sauya ba. Da halifa ya bayyana masa cewa gwaji ne ya tambayi dalilinsa, sai ya ambaci abu biyu: addininsa da ya hore shi da kyautata wa maƙiyi balle masoyi, da sana'arsa da aka ɗauki alkawarin masu ita ba za su ba da abin kisa ba. Marubuci Musulmi ne ya adana wannan labari, kuma don yabo ya adana shi.

6.0 Bimaristan

Kalmar bimaristan Farisanci ce mai nufin wurin marasa lafiya. Ta bayyana a wata wasiƙa ta Timotawus na I, shugaban Cocin Gabas daga 780 zuwa 823M, inda yake maganar gidan jinyar da ya gina a Mada'in. Wannan yana nuna cewa bimaristanin Musulunci yana da dangantaka da gidajen jinyar Nasaran Iraki. Amma da ya shigo hannun Musulmi sai ya sauya kama. Sarakuna da wazirai ne suke kafa shi, waƙafi ne yake ɗaukar nauyinsa, ba ya ƙarƙashin masallaci, kuma likitoci ne suke jagorancin magani a cikinsa. Ahmad bin Ɗulun ya gina nasa a Masar wajen 872M, Adudud Daula ya buɗe na Bagadaza a 372H/982M da likitoci 24, Nuruddin Zanki ya gina na Dimashƙa a 549H/1154M, Sultan Ƙalawun kuma ya kafa Al-Mansuri a Alƙahira a 683H/1284M.

Nasara sun ci gaba da aiki a waɗannan wurare. Abul Faraj Ibnuɗ Ɗayyib (ya rasu 1043M), malamin coci ne mai sharhin Linjila, yana kuma koyar da likitanci a bimaristanin Adudi. Ibnut Tilmiz (ya rasu 560H/1165M) ya shugabanci wannan asibiti, littafinsa na haɗa magunguna kuma ya zama abin dogaro. Sai dai a wannan lokaci ragamar ilimin ta riga ta koma hannun Musulmi. Ar-Razi ya rubuta littafi a kan shakkokinsa game da Jalinus, Az-Zahrawi ya tsara aikin tiyata a Ƙurɗuba, Ibn Sina ya tattara fannin a Al-Ƙanun, daga baya Ibnun Nafis (ya rasu 1288M) ya saɓa wa Jalinus ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu ne daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu.

7.0 Komawar Ilimin Turai da Matsayin Coci

Ta hannun ma'aikatan coci ne kuma wannan ilimi ya shiga Turai. Kustantin Ba'afirke, wanda ya fito daga yankin Tunisiya ya zama rahibi a Monte Kasino a ƙarshen ƙarni na 11, ya fassara Kamilus Sina'a na Al-Majusi da Zadul Musafir na Ibnul Jazzar zuwa Latin, ba tare da ambaton sunayen masu su ba. Makarantar Salerno ta ginu a kan waɗannan fassarori, taƙaitaccen Masa'il na Hunainu kuma ya zama littafin farko na ɗalibin likitanci a Turai. A Ɗulaiɗila, Jerad na Kirimona (ya rasu 1187M) ya fassara Al-Ƙanun, wanda jami'o'in Turai suka karantar har ƙarni na 17.

A Baitul Maƙdis, gidan jinyar da 'yan kasuwar Amalfi suka kafa a zamanin Faɗimiyyawa ya zama cibiyar ƙungiyar da Paparoma ya amince da ita a 1113M. Dokokinta na 1182M sun tanadi likitoci huɗu, an kuma ruwaito cewa tana karɓar Musulmi da Yahudawa. Ita ce kuma ta rikiɗe ta zama rundunar yaƙi a Yaƙoƙin Salibi, abin da ke nuna cewa jinƙai da takobi sun fito daga gida ɗaya.

Usama bin Munƙiz (ya rasu 1188M) ya kawo labari mai fa'ida a Kitabul I'itibar. Baffansa, sarkin Shaizar, ya aika likitansa Sabit don ya duba wasu Faranjawa: wani barde mai ƙurji a ƙafa da wata mace mai taɓin hankali. Sabit ya ɗaura wa barden magani, ya tsara wa matar abinci, suka fara samun sauƙi. Sai likitan Faranjawa ya zo ya sa aka sare ƙafar da gatari, ya tsaga kan matar da siffar gicciye ya cuɗa gishiri da sunan fitar da shaiɗan, duka biyun suka mutu. Ana yawan kawo wannan labari don nuna fifikon Musulmi, amma Sabit kansa Banasare ne. Abin da ya raba likitocin biyu shi ne tarbiyyar ilimi da kowannensu ya tashi a cikinta. Usama kuma ya yi adalci, domin ya biyo da labarin magungunan Faranjawa da ya ga sun yi aiki.

Ita coci ta sanya wasu iyakoki. Taron Lateran na 1139M ya hana ruhubanawa koyon likitanci don neman kuɗi. Na 1215M ya hana manyan ma'aikatan coci aikin da ya ƙunshi yanka ko lalas, ya kuma wajabta wa likita ya sa a kira limamin coci kafin ya fara magani, bisa ganin cewa cuta takan samo asali daga zunubi. Sakamakon haka sana'ar ta koma hannun waɗanda ba ma'aikatan coci ba. Amma zancen da ya yaɗu cewa coci ta haramta feɗe gawa gaba ɗaya ba shi da tushe: Mondino ya rubuta littafinsa na feɗa a Bolonya a 1316M, bayan ya yi aikin a gaban ɗalibai.

8.0 Kammalawa

Tarihin da aka bibiya ya nuna cewa Nasara sun mayar da jinyar baƙo aikin ibada mai gini da ma'aikata, sun kuma riƙe littattafan Girkawa har suka miƙa su. Musulmi sun karɓa, suka biya masu fassara, suka kafa waƙafi, suka tace ilimin suka ƙara a kansa, har Turai ta dawo tana koyo daga gare su. Adalcin da Musulunci ya wajabta ko ga wanda ake saɓani da shi yana hukunta a ambaci Hunainu tare da Ar-Razi, kamar yadda Ibn Abi Usaibi'a ya yi. Wannan adalci ne kuma ake nema daga marubutan da suke tsallakawa daga Jalinus zuwa Salerno kamar ba a taɓa yin Bagadaza ba.

Malaman Musulunci ba su hana neman magani wurin amintaccen likita na Ahlul Kitabi ba, amma ba su yarda al'umma ta miƙe ƙafa a kan haka ba. An ruwaito Imam Ash-Shafi'i yana takaicin yadda Musulmi suka bar likitanci a hannun Yahudu da Nasara. Imam Al-Gazali (ya rasu 505H/1111M) ya sanya shi cikin farillan kifaya a Ihya'u Ulumid Din, ya kuma yi kukan cewa garuruwa da yawa ba su da likita sai na ahluz zimma, alhali ɗalibai suna ta cunkoso a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu. Hukuncin farillar kifaya sananne ne: idan babu isassun masu tsayawa da ita, laifin yana kan al'umma baki ɗaya. Wannan hukunci yana nan a kan kowace al'ummar Musulmi da ƙauyukanta ba su da likita, matanta kuma ba su samun mace 'yar'uwarsu da za ta duba su. Allah ne mafi sani.